MAKULLI ƊAYA, MA'AIKATA ƊARI: YADDA KWAMFUTA KE RABA AIKI TSAKANIN ƘWAƘWALENTA

Laccar da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu





Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar in tsaya gaban malamaina in yi magana. An umurce ni da in yi bayani a kan wani abu daga fannin da nake aiki a ciki, watau ilmin kwamfuta, aka kuma gargaɗe ni da in yi shi da Hausar da kowa zai gane, in kuma taƙaita domin abinci yana jira. Zan yi iyakar ƙoƙarina.

Abin da na zaɓa ya taso ne daga wani lissafi da dukanmu muka yi a aji ɗaya. An ce idan mutum 1 zai nome gona cikin kwana 10, to mutum 10 za su nome ta cikin kwana 1. Allah ya gafarta malaman lissafi, wannan amsa daidai take a kan allo, amma fa sai in kowa ya zo da fartanyarsa. Idan fartanyun suna cikin sito, siton kuma makullinsa ɗaya ne, kuma mutum ɗaya kaɗai ke shiga a lokaci guda, to wani kaso na ranar zai tafi a bakin ƙofa. Wannan matsala ta bakin ƙofa ita ce ta fi shekara 50 tana wahalar da masu gina kwamfuta. Abin da nake so in nuna muku shi ne, kowace dabara da suka fito da ita ta magance abu guda ne ta kuma jawo wani, don haka gwaninta a wannan fanni ita ce sanin abin da za ka iya haƙura da shi.

CIBIYA DA ƘWAƘWALE

Kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihun kowannenmu, tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux ko Android. A tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da masana ke kira kanel, ni kuwa zan riƙa ce masa cibiya. Aikin cibiya aikin sarkin gida ne. Ita ke cewa wace manhaja za ta yi aiki yanzu, wace ce za ta jira. Ita ke raba wurin ajiya, ita ke kai saƙo ga faifai da intanet ta karɓo amsa. Zan fi kawo misali da cibiyar Linux, domin a buɗe take, kowa yana iya karanta ta ya kuma bi tarihinta. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991. Ita ce ke ƙarƙashin wayoyin Android, kuma a watan Nuwamba na 2017 an wayi gari kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya dukansu da ita suke aiki.

Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, ita ce ma'aikacin da ke yin aikin. Manyan injuna sun daɗe da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, amma kwamfutar talaka ɗaya gare ta, sai dai kowace shekara a ƙara mata sauri. Wajen 2004 wannan hanya ta toshe, domin ƙarin sauri yana kawo zafin da ba a iya shawo kansa. A shekarar ne kamfanin Intel ya fasa fitar da ƙwaƙwalwar da za ta riƙa bugawa sau biliyan 4 a daƙiƙa. Daga 2005 Intel da AMD suka koma dasa ƙwaƙwale biyu a kan ɓallo ɗaya. Yanzu waya mai ƙwaƙwale 8 ba abin mamaki ba ce, kuma a 2024 AMD ya fitar da ɓallo guda mai ƙwaƙwale 192. Ma'aikata dai sun yi yawa. Saura sito.

RIGEGENIYA

Me ya sa ma ake kulle siton? Ku ɗauka akawu biyu ne ke riƙe da littafin sito ɗaya, littafin kuma ya nuna akwai buhun gero 100. Aka kawo wa kowannensu buhu ɗaya a lokaci guda. Na farko ya duba ya ga 100, kafin ya rubuta na biyu shi ma ya duba ya ga 100. Na farko ya rubuta 101, na biyu ya rubuta 101. Buhu biyu suka shiga, littafi ya ce ɗaya. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya kasa lissafi, amma littafi ya ɓaci. Wannan shi ne abin da zan kira rigegeniya. A cikin cibiya abin ya fi haka muni, domin ƙwaƙwale biyu suna iya ganin wani wurin ajiya babu kowa, kowacce ta ba manhaja dabam, ɗaya ta rubuta a kan aikin ɗaya. Bugu da ƙari, irin wannan ɓarna ba kullum take faruwa ba. Sai a gwada sau dubu lafiya lau, ran da aka dogara da injin ta bayyana.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya fayyace matsalar a rubuce a 1965. Maganin a taƙaice shi ne, duk wurin da ake taɓa abin da aka yi tarayya a kansa, a sa masa kwaɗo. Wanda ya riƙe makulli ya shiga, sauran su jira. Tambayoyin da suka rage uku ne: kwaɗo nawa za a sa, yaya mai jira zai jira, kuma ko ana iya yi ba tare da kwaɗo ba.

BABBAN KWAƊO

A 1996 Linux ta fara aiki da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce: aka sa wa cibiya gaba ɗayanta kwaɗo guda. Duk ƙwaƙwalwar da ke da buƙata a cibiya sai ta karɓi makullin, ko da abin da take nema ba shi da alaƙa da na 'yar'uwarta. Kada mu yi wa mutanen dariya, domin a wancan lokaci wannan shi ne hankali. Injunan da ke hannun jama'a ba su cika wuce ƙwaƙwale biyu ba, aikin ya zo da wuri, kuma da wuya a yi kuskure da makulli ɗaya.

Sai dai tun 1967 wani injiniya Ba'amurke, Gene Amdahl, ya riga ya nuna iyakar wannan hanya. Ga lissafin, kowa yana iya bi da alƙalami. A ce kashi 5 cikin 100 na aiki dole a yi shi ɗaya bayan ɗaya, sauran kashi 95 ana iya rabawa. Da ƙwaƙwale 8 saurin zai ninka kusan sau 6. Da 64 zai ninka kusan sau 15. Ko an kawo miliyan ba zai wuce sau 20 ba. In kuwa kason ya kai 10 cikin 100, to sau 10 ne iyaka. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sarkin yawa ma a layi yake tsayawa in ƙofa ɗaya ce.

ƘANANAN KWAƊUNA DA KIKI-KAKA

Saboda haka aka shiga raba siton ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da kwaɗonsa: na faifai dabam, na intanet dabam, na wurin ajiya dabam, har aka kai ga kowane akwati da nasa. An yi ta wannan aiki a fitowar Linux ta 1999 da ta 2001 da ta 2003, amma ba a cire ragowar babban kwaɗon ba sai a watan Mayu na 2011, a hannun wani injiniya mai suna Arnd Bergmann. Shekara 15 ke nan. Abin da ya jawo daɗewar shi ne, muddin babban kwaɗo yana nan, masu rubutu ba su damu su bayyana abin da kowane sashe yake karewa ba, tunda komai a kare yake. Da aka zo cirewa sai da aka bi wuri-wuri ana tambaya, a nan me ake tsoro?

Ba Linux kaɗai ta sha wannan ba. Masu cibiyar FreeBSD sun fitar da nasu gyaran a 2003, kuma a shekarar ne ɗaya daga cikinsu, Matthew Dillon, ya ga hanyar da aka ɗauka ba za ta ɓulle ba, ya kafa tasa mai suna DragonFly. Kamfanin Microsoft shi ma a 2009, a cikin Windows 7, ya farfasa wani babban kwaɗo da ke kan sashen rabon aiki, abin da ya taimaka wa cibiyarsa ta ɗauki ƙwaƙwale har 256.

To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yawan makullai yana zuwa da nasa ciwon. Ɗalibi ɗaya ya riƙe makullin ɗakin fartanyu yana jiran na ɗakin kwanduna, wani kuma ya riƙe na kwanduna yana jiran na fartanyu. Babu mai saki, babu mai ci gaba. An yi kiki-kaka ke nan, kuma in ya faru a cibiya sai inji ya sandare. Maganin da aka fi amfani da shi doka ce: duk mai buƙatar makulli biyu ya ɗauke su bisa jeri guda da aka amince, fartanyu tukuna sa'an nan kwanduna. Amma cibiyar da dubban mutane ke rubutawa, wa zai iya riƙe jerin duka a ka? Shi ya sa a 2006 Ingo Molnar ya sa wa Linux wani ɗan sanda na cikin gida, mai lura da jerin da ake ɗaukar makullai, ya yi kuka in ya ga an saɓa tun kafin a sandare. Kazalika kowane kwaɗo yana cin lokaci wajen buɗewa da rufewa ko da babu mai jira, don haka inji mai ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu yana iya yin asara saboda gyaran da aka yi don mai ɗari.

TSAYUWA KO BARCI

Tambaya ta biyu ita ce yadda za a jira. Wanda ya tarar da ƙofa a kulle yana iya tsayawa yana taɓa ta a kai a kai, ko kuma ya rubuta sunansa ya je ya kwanta a tashe shi. Mai tsayuwa yana shiga nan take da an buɗe, amma duk lokacin da ya yi a tsaye ya tafi a banza. Mai barci yana ba wani aiki wuri, amma kwantar da shi da tayar da shi suna cin dubban bugun ƙwaƙwalwa. In jiran gajere ne tsayuwa ta fi, in dogo ne barci ya fi, kuma cibiya tana amfani da duka biyun.

Tsayuwar ma tana da wani lahani ɓoyayye. Kowace ƙwaƙwalwa tana da ɗan aljihu inda take ajiye kwafin abin da take yawan dubawa, domin zuwa babban rumbu yana da nisa. Da zarar ɗaya ta canja wani abu, sai kwafin da ke aljihun sauran ya tashi daga aiki, dole kowa ya sake aikawa a kawo masa sabo. In ƙwaƙwale 50 suna tsaye suna taɓa kwaɗo guda, saƙonninsu kaɗai sun isa su cushe hanya, har mai riƙe da makullin ya kasa gamawa da wuri. A nan ne ake ganin abin al'ajabi: a ƙara ƙwaƙwale, aiki ya ragu. Garin neman ƙiba an samo rama.

A 2008 Linux ta koma ba masu tsayuwa lamba, kamar yadda ake yi a banki, domin kada mai ƙarfin kafaɗa ya yi ta shiga wani ya kwana a waje. Wannan ya kawo adalci, amma har yanzu kowa allo guda yake kallo. Tun 1991 wasu masana biyu a Amurka, John Mellor-Crummey da Michael Scott, sun nuna wata hanya: kowa ya tsaya a layi yana kallon gabansa kawai, wanda ya gama ya taɓa na bayansa. A 2015 Linux ta ɗauki wani salo na wannan dabara, bayan shekara 24.

Barcin kuma ga abin da ya taɓa jawowa. Ran 4 ga Yuli, 1997, kumbon Amurka mai suna Pathfinder ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara kashe kanta tana tashi. Da aka bincika, sai aka ga wani ƙaramin aiki na auna yanayi ne yake riƙe makulli, babban aiki mai kula da zirga-zirgar saƙonni ya kwanta yana jiransa, ayyuka masu matsakaicin matsayi kuma suka danne ƙaramin suka hana shi gamawa ya saki. Watau babba ya zama yana jiran na tsakiya ba tare da kowa ya nufa ba. Injiniyoyi suka aika gyara daga nan duniya, wanda ya sa duk ƙaramin da ya riƙe makullin da babba ke jira a ara masa matsayin babban har ya gama. Irin wannan buƙata, ta a amsa a kan lokaci ko da jimillar aiki za ta ragu, ita ta sa aka yi kusan shekara 20 ana gina wani salo na Linux don injunan masana'antu, wanda bai shiga uwar cibiya ba sai a 2024.

IN AN BAR KWAƊO

Tambaya ta uku ita ce ta fi daɗi. Ku tuna allon sanarwa. Ɗalibai ɗaruruwa suna karanta jadawalin darussa kullum, amma sau nawa ake canja shi a zango? Ba hankali ba ne a ce mai karatu sai ya karɓi makulli. In za a canja, sai a rubuta sabon jadawali a gefe, a liƙa shi, a bar tsohon har waɗanda suka fara karanta shi su watse, sa'an nan a yage. Wannan ita ce dabarar da ake kira RCU, wadda aka fi sanin Paul McKenney da ita, ta kuma shiga Linux a 2002. Mai karatu ba ya jiran kowa, ko su dubu ne. Kuɗin da ake biya shi ne, ana ajiye kwafi biyu na ɗan lokaci, mai canji ne ke ɗaukar wahala, kuma dole a yarda wani zai ga tsohon labari na ɗan ƙiftawar ido. Ta dace da abin da ake yawan karantawa ba a cika canjawa ba. Ba ta dace da littafin buhunan gero ba.

Wata dabarar ita ce ta ƙidayar safe. Maimakon kowane ɗalibi ya je ofis ya sa hannu a littafi ɗaya, kowane monita yana ƙirga ajinsa, sai in an nemi jimilla a tattara. Haka cibiya ke ba kowace ƙwaƙwalwa nata ɗan littafi. Ƙirgawa ta zama da sauri, amma sanin ainihin jimilla a kowane lokaci ya zama da tsada. A 2010 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada Linux a kan inji mai ƙwaƙwale 48, suka gano wuraren cunkoso, suka kuma nuna cewa gyare-gyare irin wannan sun warware mafi yawansu ba tare da an rushe ginin ba. Wasu kuma a jami'ar ETH ta Zurich da ke Suwizalan, tare da masu binciken Microsoft, sun gabatar da wata cibiya mai suna Barrelfish a 2009, inda kowace ƙwaƙwalwa ke da sitonta, in tana son abu ta aika wasiƙa. Babu layi a bakin ƙofa, amma akwai jiran amsar wasiƙa, kuma aikin bai fita daga fagen bincike ya shiga kasuwa ba.

KAMMALAWA

Ran shugaban taro ya daɗe, abin da duk wannan tarihi ya nuna shi ne taura biyu ba ta taunuwa. Kwaɗo ɗaya yana ba da sauƙi da aminci ya hana yalwa. Kwaɗuna da yawa suna ba da yalwa su kawo haɗarin kiki-kaka. Barin kwaɗo yana ba da sauri ya rage tabbas. Mai gini nagari shi ne wanda ya auna ya ga inda layi ya fi tsawo, ya gyara nan, ya bar sauran har sai sun dame shi.

Ina da roƙo uku. Na farko ga kwamitinmu na ayyuka: duk ran da za mu saya wa makaranta kwamfutoci, kada ɗan kasuwa ya ruɗe mu da yawan ƙwaƙwale. A fara tambayar aikin da yara za su yi da su, domin kuɗin inji ɗaya mai ƙwaƙwale masu yawa yana iya sayen matsakaita da dama, yara da yawa su samu wurin zama.

Na biyu ga ƙannenmu: duk abin da na faɗa a yau tunani ne da lissafi, kuma wanda ya iya kasafi ya iya bin lissafin Amdahl. Cibiyar Linux kyauta ce, ana iya sauko da ita a karanta, kuma wanda ya fara ta ɗalibi ne. Ku riƙe darasin lissafi da kyau, ku kuma girmama masu koyar da shi.

Na uku gare mu duka. Ƙungiyarmu ta girma, muna da rassa da 'yan aji-aji masu son yi wa makaranta aiki. In kowace takarda sai ta jira hannu ɗaya, to ƙarin mambobi ba zai ƙara aiki ba. In kuma aka raba iko ba tare da an rubuta wa ke riƙe da me, kuma wa ake fara tuntuɓa ba, kwamiti biyu za su zauna kowanne yana jiran ɗaya. Ina ba da shawara a duba wannan a zaman majalisar zartarwa mai zuwa, a ba rassa ikon kashe wani adadi da kansu, a kuma tsayar da lokacin da za su riƙa kawo lissafi a tattara.

Daga ƙarshe ina roƙon Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, ya saka wa malamanmu da mafificin alheri, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.